3.4 Gaɓa da Karin Sauti a Dogayen Harɗaɗɗun Kalmomi: Sharhi a kan Ƙa'idar Karan Ɗori

A Tukur-Tukur ta Zariya ne rubutun Hausa na boko ya zauna da gindinsa. A nan R. M. East da Abubakar Imam suka yi aikin talifi, aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Rubutun da ya fito daga wannan wuri ya karɓi haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, amma ya bar abu biyu a bakin mai karatu: tsawon wasali da karin sauti. A kalma tilo wannan rangwame bai cika jawo matsala ba, domin jimla kan nuna abin da ake nufi. A harɗaɗɗiyar kalma kuwa, musamman doguwa, nan ne gizo ke saƙa. Ko sunan unguwar kansa ana samun sa iri uku a rubuce: Tukur-Tukur da Tukur Tukur da Tukurtukur, alhali a baki gaɓoɓi huɗu ne tak, tu.kur.tu.kur.

Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce a sa karan ɗori tsakanin sassan harɗaɗɗen suna, saboda kalmomin sun taru sun ba da ma'ana guda. Wannan bincike yana ganin ƙa'idar ta jingina da ma'ana kaɗai, ta bar shaidar da ta fi ƙarfi, wato shaidar kunne.

3.4.1 Gaɓa

Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), da kuma baƙi da wasali da baƙi (BWB). Ta farko marar nauyi ce, sauran biyun masu nauyi. Idan aka ɗora dogayen harɗaɗɗun kalmomi a kan wannan ma'auni za a sami kamar haka:

faɗi-ka-mutu: faa.ɗi.ka.mu.tu (BWW.BW.BW.BW.BW)
bar-ni-da-mugu: bar.ni.da.muu.gu (BWB.BW.BW.BWW.BW)
tattaɓa-kunne: tat.ta.ɓa.kun.ne (BWB.BW.BW.BWB.BW)

Abin lura shi ne iyakar kowane sashe ta dace da iyakar gaɓa. Baƙin ƙarshen sashe na farko ba ya tsallakawa ya zama farkon gaɓar da ke biye. Dalili kuwa shi ne babu gaɓar Hausa da ke farawa da wasali. Kalmar da aka rubuta da wasali a farko tana ɗauke da hamza, ko da ba a nuna ta ba. Shi ya sa ake rubuta ɗan'uwa da ɗan'adam da alamar hamza a tsakiya. Da za a cire ta, mai karatu zai raba kalmar ɗa.nu.wa, wadda ba Hausa ba ce.

Haka kuma madanganci, wato -n ko -r, yana rufe gaɓar ƙarshe ta sashen farko, ya gajarta wasalinta, domin Hausa ba ta yarda da dogon wasali a rufaffiyar gaɓa ba. Gidaa kan koma gi.dan a gidan sauro. Zazzagawa sukan ce Ƙofan Doka da Ƙofan Gayan inda daidaitacciyar Hausa ke cewa Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, amma ko da wane baƙi aka rufe ta, gaɓar tana nan a BWB.

Inda rashin kula da gaɓa ya fi yin ɓarna shi ne ƙarshen layi a bugu. Ana ganin an raba ts ko sh ko ƙw gida biyu, alhali kowannensu baƙi ɗaya ne. Tsattsage kamata ya yi ta rabu tsat-tsa-ge. Na'urar kwamfuta da aka tsara don Ingilishi ba ta san wannan ba, ita dai ta cika layi.

3.4.2 Karin sauti

Nan ne babbar hujjar take. Hausa na da karin sama (S) da karin ƙasa (Ƙ) da faɗau, kuma Bargery (1934) da Abraham duk sun nuna kari a ƙamusoshinsu. Ayyukan da suka biyo baya a kan harɗaɗɗun kalmomi, irin su Ahmad (1994) da Newman (2000) da McIntyre (2006), sun fito da cewa harɗawa kan sauya furucin kalmomin da aka harɗa, ba ma'anarsu kaɗai ba. A dubi waɗannan jimloli biyu:

Ta dafa duka.
Ta yi dafa-duka.

A ta farko aikatau dafa yana da karin SƘ. A ta biyu ya sauka gaba ɗaya ya koma ƘƘ. Haka hana take: SƘ ce a "ya hana salla", amma ƘƘ a hana-salla, hular nan mai baki a goshi. Bugu da ƙari, wasalin ƙarshen salla dogo ne idan kalmar tana tsaye ita kaɗai, amma a sunan hular ya gajarce. Wannan gajartawa ta bayyana sosai a sha-raɓa da bi-bango da ci-rani, inda raaɓaa da bangoo da raanii suka rasa tsawon wasalin ƙarshe, aikatau mai gaɓa ɗaya kuma ya zo da karin ƙasa da dogon wasali. A faɗi-ka-mutu aikatau ya juya daga SƘ zuwa ƘS, irin sigar umurni, kamar dai ana yi wa kwanon tangaran magana ne.

Ke nan Bahaushe yana jin bambanci tsakanin jimla da harɗaɗɗen suna tun kafin ya ga takarda. Yaron da bai shiga aji ba ba zai furta dafa-duka da karin "ta dafa duka" ba. Ƙa'idar karan ɗori ba ta amfana da wannan sani ba. Tana cewa ɗalibi ya tambayi kansa ko ma'ana ta zama guda, tambayar da malamai biyu kan iya ba ta amsa biyu. Sakamakon haka ana samun gidan sauro da gidan-sauro, ɗan sanda da ɗan-sanda da ɗansanda, kuma ɗalibi na iya rasa maki a jarrabawa a kan abin da littattafan da ya karanta ba su daidaita a kai ba.

3.4.3 Kwatanci da harshen Norwe

Harshen Norwe ya cancanci a waiwaye shi, domin yana cikin harsunan Turai ƙalilan da ke bambanta kalmomi da kari. A Hausar masu nazari sai a ce yana da kari na ɗaya da na biyu: a lafazin Oslo, bønder (manoma) da bønner (wake) furucinsu ɗaya ne in ban da kari. Sai dai karin nasu yana rataye ne a kan gaɓar da aka ƙarfafa, wato wadda ake fitarwa da ƙarfi fiye da 'yan'uwanta, yayin da a Hausa kowace gaɓa tana da nata kari. Newman (2000) bai ɗauki ƙarfafa gaɓa a matsayin wani ɓangare na tsarin sautin Hausa ba, kuma wannan bincike yana tare da shi. Abin da baƙon kunne ke ji kamar ƙarfi a Hausa yawanci karin sama ne ya haɗu da gaɓa mai nauyi.

Mutanen Norwe suna haɗe sassan kalma wuri guda komai tsawonta. Kalmar menneskerettighetsorganisasjon, wato ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam, gaɓa 11 ce, babban ƙarfi kuma yana kan sashen farko, sauran sassan suna biye da ƙaramin ƙarfi. Harafin s da ke tsakiyarta mahaɗi ne, kuma idan za a raba kalmar a ƙarshen layi yana bin sashen da ya gabace shi, tamkar yadda -n ke manne wa gida a gidan sauro. Idan aka raba abin da ya kamata a haɗe, ma'ana kan kife: røykfritt na nufin wurin da ba a shan taba, røyk fritt kuwa izini ne a sha yadda aka ga dama, lammelår cinyar ɗan rago ce, lamme lår kuma shanyayyun cinyoyi. Abin da ya dace a ɗauka daga nan shi ne rubutunsu yana bin furuci: abin da ke da babban ƙarfi ɗaya, kalma ɗaya ce. Ba a cewa Hausa ta kwaikwayi haɗewar, domin barnidamugu a dunƙule za ta wahalar da ido fiye da bar-ni-da-mugu.

3.4.4 Matsayin wannan bincike

Taron Bamako na 1966 ya sa Nijar ta riƙa ninka wasali don nuna tsawo, har taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu a kan barin ninkawar. Tun da an rufe wannan ƙofa, karan ɗori ne kaɗai ya rage da zai iya gaya wa mai karatu cewa ya sauya kari. Don haka ya kamata ya zama tilas a duk inda furuci ya sauya, kamar dafa-duka da sha-raɓa da tattaɓa-kunne, a kuma bar shi inda babu abin da ya sauya, kamar gidan sauro da ɗan sanda da farin jini.

Akwai suka mai ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi. Gidan sauro ba gida ba ne, farin jini kuma ba jini ba ne, saboda haka ta fuskar ma'ana harɗaɗɗu ne na gaske. Wannan gaskiya ce, sai dai mai karatu ba ya tuntuɓe a kansu, tun da yadda ya gan su haka zai furta su. Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa: yawancin masu rubutu suna amfani da kari daidai, amma ba za su iya faɗin sama ne ko ƙasa ba in an tambaye su, kuma sababbin kalmomi ba sa jiran masana. Sunan shirin A Daidaita Sahu da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a 2004 ya koma sunan babur mai ƙafa uku, ana rubuta shi a-daidaita-sahu da adaidaita sahu, jama'a kuma sun datse shi ya koma adaidaita kafin wata ƙa'ida ta cim masa.