Gilashin da ke kai Dam ɗin Challawa jikin bango

Dam ɗin Challawa da ke ƙasar Karaye, wanda aka kammala a 1992, tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, tsayinsa kuma mita 42. Duk mai waya zai iya ɗaukarsa ya sa a Facebook a yi ta yabawa. Amma a ce a wanke hoton ya kai faɗin mita ɗaya, a rataye shi a zauren fada ko ofishin ƙaramar hukuma, nan ake gane gwani. Aibin da allon waya ya ɓoye, babbar takarda sai ta tona shi, ka ji ana cewa hoto ya fashe. Gwanin mai hoto yana kauce wa wannan tun daga zaɓen gilashin da zai ɗaura wa kyamara.

Lambar milimita da ke jikin gilashi ita ke nuna faɗin abin da zai kwaso: ƙaramar lamba, fili mai yawa. A kyamara mai cikakken firam, gilashin milimita 24 yana ɗebo kusan digiri 74 daga hagu zuwa dama, na milimita 16 kuwa kusan digiri 97. Ƙananan kyamarorin da yawancin masu hoton biki ke riƙewa suna rage wannan faɗi, don haka milimita 16 a kansu yana aikin milimita 24 ne ko kusa da haka. Gwani ba ya sayen gilashi sai ya yi wannan lissafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya ruɗuwa da mafi faɗi. Ƙasar Karaye da Rogo galibi shimfiɗe take. Ka ɗaura milimita 14 ka tsaya bakin ruwa, sararin sama zai cinye rabin hoto, tsallaken dam ya koma siririn layi, masunta su zama ɗigo. Shi ya sa ya fi jingina da milimita 20 zuwa 28. In kuwa ya sauka ƙasa da haka, to ya riga ya samo abin da zai cika gaban hoton: kwalekwalen da aka ja gaɓa, komar da aka shanya, ko kunyoyin rake a fadamun Rogo da ke jan ido zuwa can nesa. Sai ya durƙusa kusa da abin, ya daidaita kyamara don kada gaɓar ruwa ta karkace.

Daga nan sai gefe. Yadda ake gane saƙar tabarma daga bakinta, haka ake gane gilashi daga kusurwoyinsa huɗu. Kusan kowane gilashi yana fitar da tsakiya tas. Na banza ne ke sa ganyen kusurwa ya yi dishi-dishi, gefe ya yi duhu, miƙaƙƙen bango ya lanƙwasa, ko wani launi ruwan goro ya bi bakin rassa. Kafin ya biya kuɗi, musamman in gilashin na hannu ne, gwani zai ɗauki katangar bulo, ya buɗe hoton a kwamfuta, ya faɗaɗa kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. Zai kuma haska tocila ta cikinsa, don raɓar damina tana haifar da fumfuna a tsakanin gilasan.

Ba ya kashe kuɗi kan gilashi mai faffaɗar ƙofar haske, wato f/1.4, da masu ɗaukar amare ke so, domin shi a f/8 ko f/11 yake aiki, inda na kusa da na nesa duk ke fitowa. In aka matse ƙofar haske zuwa f/22, kaifin hoton raguwa yake yi. Yana kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, saboda ɗan motsin hannu kaɗai ya isa ya ɓata babban bugu. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da ɗigo 6,000 a faɗi, wato ɗigo 150 a kowane inci in an buga inci 40, kuma wannan ya wadatar ga hoton da za a tsaya nesa kaɗan a kalla. In ana son fiye da haka, sai ya ɗauki gilashin milimita 50, ya yi hotuna da yawa a jere, ya ɗinke su a kwamfuta.

Ya kuma san lokaci. Hazon hunturu yana shafe nesa komai tsadar gilashi, kuma canja gilashi a cikin ƙurar nan yana barin tabo a sararin hoton. Ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ruwa ya cika, ƙasa ta yi kore, iska ta wanku. Kafin hantsi ya ɗaga ko bayan la'asar yake fita.

Masarautar Karaye, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Karaye da Rogo, ta cancanci a ga ƙasarta a bangon makarantu da ofisoshinta. Matasan da ke riƙe da kyamara a yankin su koyi wannan sana'a, masu hali kuma su sayi aikinsu da daraja.