Mudu Ɗaya A Filin Wasa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Bebeji ko ta Kiru ya san ba abin da ke ta da husuma kamar mai awo ya riƙe mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. To, irin wannan awo nake so in soka, amma a wajen masu hukunta laifi a wasannin makarantu da kwalejoji.

Laifin da ya fi yawa shi ne ƙaryar shekaru: a samo ƙato, a aske masa gemu, a ce ɗan makaranta ne. Na ga an kama wata ƙaramar makarantar ƙauye da haka, aka kore ta daga gasa. Aka kama wata babba ta birni, aka ja mata kunne kurum, ta tafi da kofi.

Kada mai karatu ya zaci a nan kaɗai ake yi. A 1988 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta sami ƙasar Meksiko da sa samarin da suka wuce shekaru. Ta hana ta wasa shekara 2, manya da yara, har ta rasa Kofin Duniya na 1990. A 1989 aka sami saɓani a ranakun haihuwar 'yan wasan Nijeriya 3. Mu ma shekara 2 aka yanka mana, amma a wasan matasa kaɗai, aka kuma ƙwace gasar 1991 da aka shirya yi a ƙasarmu. Laifi ya yi kama, horo ya bambanta. Ko da yake mu ne muka sami rangwame, gaskiya ba ta hana a faɗa.

Haka kuma a jami'o'in Amurka. A 1987 hukumarsu, NCAA, ta hana Jami'ar Southern Methodist ƙwallo shekara guda cur don biyan 'yan wasa kuɗi a ɓoye. A 2017 Jami'ar North Carolina, wadda ta yi shekara 18 tana ba da darussan ƙarya, ta fita ba horo, wai don ba 'yan wasa kaɗai suka ci moriyarsu ba.

Illar wannan babba ce. Yaron da ya ga an hori mai rauni an ƙyale mai ƙarfi, ya koyi cewa doka ta talaka ce, kuma da wannan karatu zai girma.

Magani uku ne. A rubuta kowane laifi da horonsa tun kafin a busa usur. A ajiye littafin hukunci, don na bana ya dubi na bara. Horo kuma ya faɗa kan babban da ya shirya ƙaryar, ba yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Allah ya ba mu ikon cika mudu, amin.