Mai da iska: yadda gwani ke sauya jet a tsohon babur

A gindin kafireton babur akwai wani ɗan guntun tagulla mai huji a tsakiya, kanikawa suna kiransa jet. A ƙaramin babur faɗin hujin wajen milimita ɗaya ne, ko ya ɗara kaɗan, amma kusan duk man da inji zai sha idan an murza totur har ƙarshe ta nan zai bi. In hujin ya cika faɗi, babur ya riƙa baƙin hayaƙi yana nauyin jiki. In ya yi ƙanƙanta, inji ya ɗau zafi har bawul ya ƙone ko fistin ya huje. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu 'yar mitsitsiya ce, kuma nemo ta sana'a ce da a ganina ba a ba ta girman da ya kamace ta.

Kafireton babur irin namu ba shi da famfo, ba shi da kwamfuta. Idan fistin ya sauka sai ya zuƙo iska ta wani maƙogwaro da aka matse tsakiyarsa. Da iska ta zo matsatsin nan sai ta ƙara gudu, ƙarfin dannawarta ya ragu, sai man da ke kwance a ɗan kwanon ƙasa ya tsotsu sama ta jet, ya tarwatse ya bi ta. Wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon feshin maganin sauro ya ga wannan da idonsa: iska ce ke wucewa ta bakin siririn bututu tana jawo ruwan daga gwangwani. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya yi bayanin abin a 1797, sunansa ma aka laƙaba wa maƙogwaron. Kafin fetur ya ƙone tas, kilo ɗaya nasa yana buƙatar kilo 14.7 na iska, wato kusan lita 9,000 ta iska ga kowace litar mai. Inda inji ya fi ba da ƙarfi kuwa sai an ɗan ƙara man, wajen kilo 13 na iska ga kilo ɗaya.

Ƙofofin mai uku ne, kowace da lokacinta. Ƙaramin jet, wanda ake kira na sulo, shi ke ciyar da inji daga tsaye yana ɗan bugawa har zuwa rubu'in totur. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne, wata siririyar sanda mai tsini da ke rataye a cikin bututun mai. Duk sa'ad da totur ya ɗaga ta, siririn ɓangarenta ke saura a bututun, hanya ta ƙara buɗewa. Daga nan zuwa ƙarshe babban jet ke da iko. Shi ya sa tambayar gwani ta farko ga mai babur ita ce: "Malam, a ina hannunka yake kan totur lokacin da yake yin shaƙuwar?" Amsar ce ke nuna masa ƙofar da zai duba.

Kunshin jet da ake sayarwa don gyara tsofaffin babura yana da kasuwa sosai a Amurka, kuma da dalili. Daga 1978 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sa wa babura dokar hayaƙi, sai kamfanonin Japan suka riƙa aika babura da aka rage musu mai sosai, aka daina yi wa allurar wasu tsaga-tsagan da ake ɗaga ta da su, aka kuma toshe bakin sukurun da ake daidaita sulo da shi da murfi don kada a taɓa. Irin wannan babur idan aka sauya masa salansa ko matatar iska, numfashinsa ya ƙaru, man da dama bai wadata ba ya ƙara gazawa. Kamfanoni irin su Dynojet suka shiga haɗa kunshi: manyan jet masu lamba daban-daban, allura mai tsaga, 'yan wasa-wasa, wani lokaci har da bakin dirili na huda murfin nan. Mu a nan, inda Honda CG125 ta 1975 da kwafe-kwafenta na Sin da Bajaj Boxer suka cika tituna, bakanike kan haɗa nasa kunshin ne a gwangwani, jet-jet da ya tsinta daga matattun kafireto. Ilimin dai ɗaya ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwani ba ya fara da buɗe kunshin. Yakan bar inji ya huce, ya auna tazarar bawul da siraran ƙarafan awo, ya duba fulogi da wuta, ya wanke matatar iska. Sannan ya tayar da babur ya fesa ɗan mai a kan robar da ta haɗa kafireto da inji. In bugun injin ya sauya, robar ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Babur mai irin wannan ciwo ko jet nawa aka sa masa ba zai daidaitu ba. Mai gaggawa yakan tsallake duk wannan, ya ɗora wa kafireto laifin da ba nasa ba.

Sai ya rufe mai, ya zubar da na cikin kwano, ya cire kafireton ya ɗora a kan tsumma mai tsabta, don kuwa akwai zoben roba da wasa a ciki waɗanda in suka faɗa ƙasa sai dai haƙuri. Kan sukuru na baburan Japan ya yi kama da mai kuros na ko'ina, amma yankansa daban ne, kuma sau da yawa akwai ɗan ɗigo a gefe da ke nuna haka. Sukundireban da bai dace ba zame masa yake yi yana cinye kan. Gwani yakan zaɓi wanda ya zauna daram, ya danna da ƙarfi kafin ya murɗa. Jet ɗin kansa yakan jiƙa shi, ya hura masa iska, ya ɗaga shi sama ya leƙa: in hasken da ke fitowa ta hujin da'ira ce cikakkiya, ya wanku. Ba ya zura masa wayar ƙarfe, domin tagulla tana da laushi. Lissafin ma yana bayansa: hujin milimita 1 da aka buɗa zuwa 1.05 filinsa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, alhali ido ba ya iya ganin bambancin. Daga nan sai ya karkata kafireton ya auna tsayin fulot, ɗan abin nan da ke yawo a kan mai yana rufe hanya idan kwano ya cika. In man kwanon ya yi sama ko ƙasa da yadda aka tsara, duk ƙofofin uku sun karkace tare.

Lambar da ke jikin jet ma sai da lura. Kamfanin Keihin yana da nasa ƙidayar, Mikuni yana da tasa, wasu jet ɗin Mikuni ma yawan man da ke bi ta ciki aka ƙidaya, ba faɗin huji ba. Lamba 100 ta wannan ba ita ce 100 ta wancan ba.

Yanzu aiki ya zo kan titi. Gwani yakan naɗa ɗan salatif a hannun totur, ya ja layi a rubu'i, da rabi, da kashi uku cikin huɗu, don kada ya dogara da tsammani. Da babban jet yake farawa, tunda man allura ma ta cikinsa yake wucewa. Yakan sa wanda yake zaton ya ɗan yi yawa, saboda yawan mai fulogi kawai yake ɓatawa, ƙarancinsa kuwa inji yake kashewa. Inji ya yi zafi, ya sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ya buɗe totur gaba ɗaya a babbar giya, sannan ya ɗan sassauta kaɗan. In babur ya ƙara ja a daidai sassautawar, jet ɗin ya yi ƙanƙanta. In yana tari da gurnani a cikakken totur, ya yi girma. Don ya tabbatar, sai ya sa sabon fulogi, ya sake gudun, ya kama kulochi ya kashe inji lokaci guda, ya gangara gefe ya kwance fulogin. Farin fat alamar yunwar mai ce, baƙi mai kunkunniya alamar ya yi yawa, ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. Mataki ɗaya yake sauyawa kowane zagaye, ya rubuta lamba da abin da ya ji. Wanda ya sauya jet da allura da sukuru a zama ɗaya, ko babur ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Allurar da ake iya gyarawa galibi tsaga biyar ce a kanta, da wani ɗan maƙalli da ke zama a ɗaya. Nan yaran shago kan ruɗe, domin abin a juye yake: ka saukar da maƙallin ƙasa, allura ta hau sama, mai ya ƙaru. Gwani yakan cire maƙallin nan da hannunsa a cikin leda, don ya san halinsa na tsalle ya ɓace. Ya fara daga tsagar tsakiya, ya gwada a rabin totur, ya saurara ko babur na tafiya sumul ko yana fizga.

Sukurun sulo ne na ƙarshe. Ya murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ba tare da matsewa ba don tsininsa na iya lalacewa, sannan ya dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Sukurun nan iri biyu ne: wanda ke ɓangaren matatar iska, iska yake ƙarawa idan aka sassauta. Wanda ke ɓangaren inji, mai yake ƙarawa. Sai ya sunkuyar da kunne yana juyawa rubu'i-rubu'i har ya kama inda bugun ya fi sauri da daidaito. In sai da ya wuce zagaye uku kafin ya samu, ya san ƙaramin jet ɗin ne ke son sauyi.

Ko bayan haka gwani yakan tambayi inda babur zai zauna. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Jos tana wajen mita 1,200, inda kaurin iska ya gaza na bakin teku da fiye da kashi 10 cikin 100, tsaunin Mambila kuma ya haura mita 1,500. Babur da aka daidaita a ƙasa-ƙasa idan ya hau can mai zai yi masa yawa. Hunturu yana ja ta fuska biyu: sanyin asuba na ƙara wa iska kauri, ƙura kuma na toshe matata. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 masu babura da yawa suke roƙon a rage musu shan mai, kuma ina girmama bakaniken da zai rage iya abin da fulogi ya yarda da shi, ya ƙi wucewa ko da mai babur ya matsa, domin kuɗin fistin da ringi ya fi na litar da za a tsimi.

Kunshin jet ba ya ƙara wa inji girma. Abin da mai babur zai samu shi ne tashi da bugu ɗaya ko biyu, totur da ke amsawa ba shaƙuwa, da inji da ba ya ɗaukar zafin banza. Tsofaffin jet da allurar kuma gwani yakan ƙulle su a leda tare da takardar lambobin ya miƙa wa mai babur, saboda ranar da aka mayar da salansar asali, su za a sake nema.