Abin da Sholay ya ƙi nuna mana

Ka tambayi wanda ya kalli Sholay yadda ɗan fashi Gabbar Singh ya sare hannayen Thakur, zai ba ka labari tiryan-tiryan, wataƙila har da jini. Alhali babu wannan hoton a fim ɗin. Abin da darakta Ramesh Sippy ya nuna shi ne Thakur a ɗaure, Gabbar ya ɗaga takubba biyu, sai ihu. Daga nan aka dawo da mu inda Thakur yake ba Jai da Veeru, waɗanda ya ɗauko su kamo masa Gabbar, labari, iska ta ɗauke mayafin da ke kafaɗarsa, hannayen riga suna reto babu komai a ciki. Tun farkon fim muna ganin mutumin nan lulluɓe, mun ɗauka ƙasaita ce irin ta manya. Saran kuwa mu muka yi shi a zukatanmu.

Fim ɗin ya fito a Indiya a watan Agustan 1975, kuma masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san shi ciki da bai. Amma an fi tuna dariyar Gabbar da surutun Basanti, masoyiyar Veeru, fiye da wannan gwaninta ta sanin inda za a yanke hoto.

Dubi ranar da Gabbar ya hallaka iyalan Thakur. Ana harbin manya, hoto yana ƙamewa, babu kiɗa, sai ƙarar lilo yana kai da kawowa. Can sai ga ƙaramin yaro ya fito. Gabbar ya matso a kan doki, ya saita bindiga a hankali, yaron yana kallonsa. Kana jiran ƙarar harsashi, sai ƙarar jirgin ƙasa ta doki kunnenka: Thakur ne ya sauka a tasha, bai san abin da ke jiransa a gida ba. Da an nuna faɗuwar yaron, da ka kawar da kai ka huta. Da yake ba a nuna ba, babu inda za ka kawar da kan. Haka aka yi da Ahmed, ɗan limamin ƙauyen su Thakur: Gabbar ya murƙushe ƙwaron da ke tafiya a hannunsa, sai doki ya shigo gari ɗauke da gawa.

Ba a kisa kaɗai dabarar ta tsaya ba. Soyayyar Jai da Radha, matar da mijinta ya mutu, kusan ba ta da baki. Shi yana zaune yana busa, ita tana bin fitilu tana kashewa ɗaya bayan ɗaya. A ganina ta fi ta Veeru da Basanti shiga rai, duk da rawa da waƙar da aka ba su.

Sai dai ba kowane ɓoyo ne gwaninta ba. Sippy ya ɗauki ƙarshen da Thakur yake kashe Gabbar da takalma masu ƙusoshi, hukumar tace fina-finai, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ce atafau sai an sake. Aka kawo 'yan sanda su kama Gabbar a ƙurarren lokaci, kuma ɗinkin yana nunawa, don ba labarin ne ya nemi hakan ba. Duk da haka, gwanintar yankan ba ta faɗi ƙasa banza ba: lambar yabo ta Filmfare guda ɗaya tak fim ɗin ya samu a shekararsa, kuma M. S. Shinde, wanda ya yanka hotunan ya haɗa, shi aka ba.