Waiwaye Adon Tafiya: Nazari a Kan Yadda Ake Bayar da Tarihin Kano Pillars

Gabatarwa

A unguwarmu ta Kabara, almajiri ba ya ɗaukar karatu sai ya san daga wa malaminsa ya ɗauko, shi kuma wancan daga wa, har a kai tushe. Wannan tarbiyya ta kiyaye salsala ita ce ta raya sunan gidan Shehu Nasiru Kabara, Allah Ya jiƙansa. Da wannan ma'auni nake son in auna yadda muke bayar da tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, wato "Sai Masu Gida", kamar yadda nake jin sa a majalisu da bakin ɗalibai. Wani dattijo zai ce tamaula wasan yara ce. Amsata ita ce, abin da ke tara dubban Kanawa a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya shiga tarihin gari, ko mun so ko mun ƙi.

Abin da Aka Kiyaye

Dole a yaba wa magoya baya, domin sun riƙe shekarun nasara daram. An kafa ƙungiyar a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya. Ta ci kofin lig a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, sannan ta ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka bayan an tashi 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2010 Ahmed Musa ya zura ƙwallaye 18 a lig. A 2019 ta doke Niger Tornadoes da bugun fenariti a Kaduna, ta ɗauki kofin Aiteo. Duk yaron da na tambaya yakan zayyano waɗannan ba gargada.

Giɓi na Farko: Yanke Salsala

Matsalar ita ce labarin yakan fara ne daga 1990, kamar kafin nan ba a taɓa buga ƙwallo a Kano ba. Alhali an haɗa ƙungiyoyi uku ne aka sami Pillars: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin su kuma akwai Raccah Rovers, wadda ta kawo wa Kano kofin lig tun 1978, shekara 30 cif kafin Pillars ta ci nata na farko, ta kuma wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka a 1979. Na taɓa tambayar aji guda na ɗaliban sakandare ko sun san wannan suna, ba a sami ko ɗaya da ya ɗaga hannu ba. Wanda ya san ɗa bai san uba ba, saninsa ragagge ne.

Giɓi na Biyu: Jingina wa Ɗa Aikin Kaka

Wasu kuma sun zarce ta ɗaya ɓangaren. A wasu jerin sunayen waɗanda suka ci kofin ƙalubale na ƙasa, za a ga an rubuta Kano Pillars a gaban shekarar 1953. To, yaya ƙungiyar da aka haifa a 1990 za ta ci kofi shekara 37 kafin haihuwarta? Zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano ne na wancan zamani suka doke Lagos Dynamos da ci 2-1. Ɗora wa Pillars wannan kofi bai ƙara mata komai ba, sai dai ya shafe sunan waɗanda suka yi gumin. Ya kamata malaman tarihi su lura, domin kuskuren da aka maimaita a rubuce yakan rikiɗe ya zama hujja.

Giɓi na Uku: Kirari a Madadin Tarihi

Na uku shi ne ɓoye ranakun baƙin ciki. Ana faɗin nasara a kan Al Ahly, ba a faɗin cewa Heartland ta Owerri ce ta fitar da mu a wannan gasa, gida da waje. Ana alfahari da shekara 12 da aka yi ba a ci Pillars a gida a wasan lig ba, amma ba a cika ambaton Nasarawa United da ta karya lagon a 2015 ba. A wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba, muna gaba da ci 3-0 Enugu Rangers ta farke, ta kuma ɗauke kofin a fenariti. Mafi zafi ita ce 2022, lokacin da aka zabtare wa ƙungiyar maki saboda tarzomar 'yan kallo a wasanta da Katsina United, ta kuma faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Maroƙi yana da uzuri idan ya tsallake wannan, domin aikinsa yabo ne. Marubucin tarihi ba shi da shi. Littafin Tarihin Kano ma da ya kawo sarakunan da suka ci yaƙi, bai ɓoye waɗanda aka ci su ba. Yaron da ba a gaya masa abin da jifa da fashe-fashe suka jawo a 2022 ba, gobe shi ne zai ɗauki dutse.

Kammalawa

Shawarata ba ta da tsada. Tsofaffin 'yan wasan Raccah da WRECA da suka rage a raye, a je a ɗauki muryoyinsu tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Hotuna da riguna da takardun shiga fili da ke jibge a adakokin mutane, a nemi aronsu a adana kwafi a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Malamai kuma su ba ɗalibai aikin gida, kowa ya tambayi mahaifinsa ko kakansa ƙungiyar da ya bi da ƙuruciya, ya rubuto da suna da shekara. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su gaji kirarin "Sai Masu Gida" ba tare da sun san waɗanda suka gina gidan ba. Allah Ya sa mu dace.