Ajuruma da Masu Haddace Ta

A ƙasar Zazzau, daga Ikara zuwa Maƙarfi har Kudan, ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar zaure, in ya zo ga nahawu, da Ajuruma yakan fara. Wani malami ne mutumin Fas, a ƙasar Maroko, ya wallafa ta, ana ce da shi Ibn Ajurrum, ya rasu a 1323. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce 'yan warƙoƙi ba.

Abin yabo ga littafin nan shi ne tsarinsa. Ya raba magana kashi uku: suna, da aikatau, da harafi. Sa'an nan ya nuna yadda ƙarshen kalma ke sākewa gwargwadon aikinta cikin zance, watau li'irabi. Wanda ya gane wannan ya sami mabuɗin Alfiyyar Ibn Malik, mai baiti kamar dubu, da kuma Bahrul Muhiɗ na Malam Abdullahi na Gwandu.

Amma gajartar nan tasa ita ce kuma rauninsa. Misalansa kaɗan ne, kusan kullum Zaidu ne da Amru, bai kuma taɓa sarfu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka akan sami ɗalibi ya haddace shi tsaf, amma in an miƙa masa wasiƙar Larabci marar wasali, sai ya kasa rarrabe wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Ga mai karanta hukuncin gado ko na aure, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne, domin wasali guda yana iya juya hukunci.

Ba Hausawa kaɗai suka gamu da wannan ba. A ƙasar Indiya akwai wani tsohon harshe, Sanskirit, wanda littattafan addinin Hindu ke cikinsa. Wani masani mai suna Panini, wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin Annabi Isa, ya tattara nahawunsa cikin babi takwas, ƙa'idodi kusan 4,000, kowace a taƙaice ƙwarai don a iya haddacewa. Hadda ce ta tsare littafin nan har ya iso zamaninmu. Duk da haka mutanen can ba su tsaya ga hadda ba, sai da wani malami, Patanjali, ya yi masa babban sharhi, yana kawo tambaya da amsa da misalai. Sun gane taƙaitaccen littafi tamkar rake ne na fadamar Maƙarfi, sai an matse shi kafin a sami mazarƙwaila.

Laifin dai ba na Ibn Ajurrum ba ne, domin don masu farawa ya rubuta, yana sa ran malami zai cike giɓi. Abin da ya kamata shi ne kowace ƙa'ida da ɗalibi ya biya, a sa shi ya nemo ta cikin aya, ya kuma ƙirƙiro misali nasa na gona ko na kasuwa. Wanda ya koyi karatu a ajin manya ya riga ya san haka: bai tabbata ya iya baƙi ba sai ran da ya rubuta wasiƙa da hannunsa.