Ba'a da Kaɗaici: Nazari a kan Zanen Garfield Bayan an Cire Muzuru

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan wani irin aiki da ragewa kurum ake yi a cikinsa. Watau mutum ya ɗauki zanen ban dariya irin na jarida, ya goge wani sashe, ya bar saura yadda mai shi ya zana. Misalin da za mu duba shi ne zanen Garfield na Jim Davis, wanda ya fara fitowa a jaridu 41 na Amurka ran 19 ga Yuni, 1978. Yawanci gida uku ake raba zanen. A ciki akwai wani tuzuru mai suna Jon Arbuckle, da muzurunsa Garfield, malalaci mai shegen ci da baƙar magana. A 2008 wani mutumin Dublin ta ƙasar Ayilan, Dan Walsh, ya shiga goge muzurun daga kowane gida, ya kira abin Garfield Minus Garfield. Davis bai yi fushi ba, har ma da yardarsa kamfanin Ballantine ya buga su a littafi a wannan shekarar.

Sauya aikin wani don a ba da dariya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ɗan kama yakan ɗauki waƙa ko salon karatun malami, ya zare kalmomin ya cusa tuwo da nama a gurbinsu. Amma shi musanya yake yi. Walsh kuwa gurbin ya bari a wofi, to a kan wannan gurbi maganarmu take.

Abin lura na farko shi ne Garfield ba ya magana. Duk baƙar maganar nan da ke ƙarshen zane, a cikin kumfar tunani ake rubuta ta, kuma mai karatu ne abokin sirrinsa. Ke nan tun asali Jon shi kaɗai yake surutunsa a ɗaki, gaban dabba. Mun shekara talatin ba mu ankara ba domin Davis ya zaunar da mu a gefen muzuru, muna taya shi raina ubangidansa. Da aka ɗauke muzurun sai muka rasa wurin zama. A gida na farko Jon ya faɗi wani abu cikin murna, ko ya nuna sabuwar rigarsa mai ban takaici. A na biyu ya yi shiru yana kallon gefen tebur. A na uku fuskarsa ta yamutse, alhali ba wanda ya ce masa uffan. Mutanen fadamar Haɗeja sun san irin wannan kallo. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ambaliya ta ragu, a kan iske kwalekwale zaune bisa busasshiyar laka, kuma ganinsa a nan ya fi tuna wa mutum ruwa bisa ganinsa a tsakiyar kogi.

Dariyar da ake yi a nan iri biyu ce, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai zanen da Jon ke tsalle ko ihu saboda muzuru ya yakushe shi. In aka goge muzurun sai ya koma kamar mai taɓin hankali, dariyar kuwa ta zama irin ta yaran da ke bin mahaukaci a kasuwa. Waɗannan, a ganina, su ne raunin aikin Walsh, kuma suna da yawa. Masu kyaun su ne inda Jon ke jiran amsa, alal misali ya ajiye wayar tarho bayan wata mace ta ƙi shi, ya juya don ya gaya wa wani, ya tarar ba kowa. A nan mai karatu yakan fara dariya sa'an nan ta tsaya masa a maƙogwaro.

Me ya sa haka? Al'adarmu tana da amsa. Bahaushe yana yi wa gwauro ba'a ƙwarai. A Kano, cikin watan azumi, Nalako da jama'arsa sukan kama gwagware a yi ta zagayawa da su ana kiɗa ana dariya. Abin da zafi, ba shakka. Amma wanda aka ɗaura wa igiya aka zaga gari da shi, gari ya san da zamansa, ya kuma damu da ya yi aure. Haka wasan Fulani da Barebari, wanda har yau ake yi a kasuwannin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru: kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, in kuwa wata rana ɗaya ya wuce bai tsokani ɗaya ba, sai a tambaya ko lafiya. Garfield abokin wasan Jon ne ta wannan fuska. Raininsa shi ne kaɗai shaidar cewa akwai mai sauraro a gidan. Abin da Walsh ya raba Jon da shi ke nan.

An gwada wannan dabara a kan Peanuts na Charles Schulz, wanda ya fito daga 1950 zuwa 2000, inda aka riƙa yanke gida na huɗu, aka kira shi 3eanuts. Bai kai na Walsh ba. Schulz bai taɓa ɓoye baƙin cikin Charlie Brown ba, saboda haka yankewar ba ta tona komai, dariyar ƙarshe kawai ta ɗauke.

Saura tambayar da mai nazarin adabi ba zai kauce mata ba: aikin na wane ne? Kowane layi da kowace kalma na Davis ne. Walsh bai zana ko ɗigo ba. Ni dai na fi ɗaukarsa a matsayin mai sharhi da ya yi amfani da magogi a maimakon alƙalami, kuma sharhinsa yana aiki ne kurum ga wanda ya riga ya san muzurun. In aka miƙa wa wanda bai taɓa ganin Garfield ba, zai ga wani mutum ne yana magana da tebur, ya mayar maka da takardarka.